Dillalin Awaki a Gonar Bareyi

Bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni. Ni Ɗanjuma ban taɓa kashe ko zomo ba. Abin da na sani a duniya awaki ne, shekara talatin ina dillancinsu a karar Wudil. Amma a Doha an fi shekara biyu ana kirana Sarkin Dawa, kuma ba wanda ya naɗa mini wannan rawani sai harshena.

Wanda ya yi mini hanyar tafiya cewa ya yi gadin otal zan yi, cikin sanyi, ina buɗe wa manya ƙofa. Da na sauka sai na tarar otal ɗin filin ajiye rodi da siminti ne a Sana'iyya, unguwar masana'antu. Awa goma sha biyu a tsaye. Fasfo ɗina ya ce shekarata arba'in da biyu, gwiwoyina kuwa ba su san da wannan yarjejeniya ba, su hamsin da bakwai suka sani. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi, saboda haka duk takardar da aka miƙo mini bismilla nake yi in sa hannu.

Ban cika shekara ba korona ta zo. Aka rufe unguwarmu ruf, ba shiga ba fita. Mu takwas ne a ɗaki, gado kan gado. Makon farko an yi ta karta da musun ƙwallo. Mako na biyu kowa ya juya fuska bango. Akwai wanda aka aiko masa mahaifiyarsa ba lafiya, ya wuni yana kallon waya. Ni kuwa shiru ba ya zama a jikina. Sai na ce bari in ba su labarin farauta, ko a sami abin dariya.

Da zomo na fara. Da na ga sun juyo, washegari na mai da shi gada. Kafin a buɗe mana ƙofa na kashe kura uku, na yi kokawa da gwanki, na kuma kori zaki daga bakin rafi da gora kaɗai. Gaskiyar maganar, sau ɗaya na taɓa bin 'yan farauta ina saurayi. Goran ruwa na riƙe musu, na dawo da ƙaya a tafin ƙafa da bushiya guda da wani ya ba ni don tausayi. Abin da na riƙe daga ranar shi ne ihu da gangi da haushin karnuka da kirari. A ganina farauta ke nan.

Wanda ya fi kowa yarda da ni shi ne Isiyaka, ɗan zangon Kumasi, direban motar kamfaninmu. Yana da kwalbar shito, wani baƙin yajin ƙasarsu, da yake ɓoyewa cikin safa. Duk ranar da labari ya yi daɗi sai ya lakato mini a kan shinkafata. To ka ga ke nan, zakin ma yaji ne ya haife shi.

Bayan an buɗe gari Isiyaka ya sami aikin tuƙi a gidan wani attajiri a Ain Khalid, muka rabu. Sai wata Juma'a, ana saura 'yan watanni a fara gasar ƙwallon duniya, muka yi kiciɓis a Asian Town, inda muke zuwa sayayya da ganin juna. Ya rungume ni, ya ja ni wurin mai shinkafa, ya ce Allah ya yanke mini wahala. Maigidansa na da gona a arewa cike da bareyi, yana kai baƙi farauta, mai yi musu jagora ya tsufa, ana neman mataimaki. Shi kuma ya riga ya gaya wa Maigida labarin zakin.

Nan ne ya kamata in ce, Isiyaka, tsaya. To amma kwantiragin gadina na gab da ƙarewa, kamfani ya ce ba zai sabunta ba, ga 'ya'yana biyu a makaranta, ga kuma cinyar kaza a gabana. Na cika baki da shinkafa don kada gaskiya ta sami hanyar fita.

A Ain Khalid aka shigar da ni majalisar Maigida, dogon mutum mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Aka zuba mini gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙa, aka ƙara. Na shanye, aka ƙara. Ashe sai ka girgiza kofin ake gane ka ƙoshi. Sai a na bakwai Isiyaka ya taka mini ƙafa. Na fito zuciyata na bugawa kamar ta ɓarawon akuya, amma an karɓe ni, aka mai da takarduna hannun Maigida, ya zama sabon kafil ɗina, wato mai tsaya mini a ƙasar.

Gonar tafiyar awa ɗaya da wani abu ce daga Doha. Ni da na ji gona na zaci zan ga kunya-kunya. Fili ne fetal, an kewaye shi da waya, idonka ba ya kaiwa ƙarshensa. Tsakuwa, yashi, sai kwari-kwari inda ruwa ke kwanciya, da itatuwa jefi-jefi. Na sauko daga mota ina waige-waige sai na ga kurna. Kurna sak irin ta bayan gidanmu. Na je na tsinki ɗanta na tauna, ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba.

"Bakano, kurnar ta san ka ne?"

Na juya a firgice. Wani tsoho ne baƙi siriri da farar jallabiya da rawani. Shi ne Baba Bashir, jagoran farautar. Mutumin Sudan ne, amma kakansa daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a hanya, zangon ya zama gari. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, tana da daɗi kamar tuwon jiya. Shekararsa talatin a gonar.

Washegari ya miƙo mini bindiga. Na karɓe ta kamar taɓarya. Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya karɓe abarsa bai ce komai ba, ya rataya mini jarkar ruwa da madubin hangen nesa da sandunan da ake ɗora bindiga. Na ce a raina, Ɗanjuma, shekara arba'in ba ka sami ƙarin girma ba, har yanzu kai ne mai goran ruwa.

Ya karanta mini dokokin wurin. Tsohon namiji kaɗai ake harbi, wanda ya gama zamaninsa, baƙo ɗaya barewa ɗaya. Mace ba a taɓa ta, balle a ƙarshen lokacin farauta da duk suke da ciki. Maigida ya taɓa korar ɗan ƙanensa daga gonar shekara biyu a kan haka. Wahalar ita ce irin waɗannan fararen bareyi matansu ma suna da ƙaho. Sannan ba turare, ba taba, iska kuma a fuskarka take, ba a ƙeyarka ba. Na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ya ce ba a magana, na ɗauka yana nufin kafin a ga nama.

Ƙwallo ta zo, Doha ta cika ta batse. Isiyaka ya ce ko barci ba a yi saboda ganguna da tutoci. Cikin wannan hidima Maigida ya kawo baƙi biyu Turawa. Muka fita da asuba. Awa uku muna sanɗa, wani wuri da rarrafe, gwiwoyina suna zagina. Muka hau wani ɗan tudu, sai ga su a kwari, sun fi talatin, farare tas, rana ta fara taɓa bayansu. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Jinina ya hau. Na ce to ga nama, ga Sarkin Dawa, me ake jira? Na miƙe tsaye na ɗaga sandunan sama.

"Sai ni Ɗanjuma na Wudil! Ƙaya mai hana gudu! Na sha da kura, na kwana da zaki! Ina mazan suke!"

Kafin in kai kan zaki sun watse, har ƙurarsu ta kwanta. Bature ɗaya ya faɗi zaune yana dariya, ya ce in sake zai ɗauka a waya. Maigida bai yi dariya ba. Ya sa Baba Bashir ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce haka muke yi a wurinmu. Ya ce da zakin ma haka na yi? Na ce shi ya sa ya gudu. Baba Bashir ya yi tari mai tsawo kafin ya fassara.

Hukuncin da aka yanke shi ne, saura wata biyu a rufe farauta. In aka yi fitar ƙarshe ban nuna amfanina ba, ko na sake buɗe baki a dawa, khalas, wato shi ke nan, sai jirgi.

Waɗannan wata biyun su ne mafi daɗin zamana a ƙasar. Kullum da sassafe mu fita ni da Baba Bashir, ba bindiga, mu sami gindin kurna ko bayan dutse mu zauna. Ranar farko shirun ya kusa kashe ni. A hankali na fara jin abin da ke cikinsa: kukan wani ɗan tsuntsu mai tukku, ƙarar tsakuwa in barewa ta taka, iska in ta sauya hanya. Aka yi ruwa kwana biyu, sai ga kwarin nan ya yi kore shar, har da furanni ƙanana rawaya. Ni da na ɗauka ƙasar nan ba ta san ciyawa ba. Baba Bashir ya nuna mini inda ƙasa ke tsagewa, a tona a sami wani abu kamar dankali da Larabawa ke ji da shi. Muka gasa, muka sha shayi mai madara a kai. Na tuna gida, amma wannan karon tunawar ba ta yi ciwo ba.

Da na daina neman zaki na zauna ina kallo, sai na ga ashe barewa akuya ce da Allah ya yi wa kyau. Yadda take tuƙa, yadda tsoho ke tauna da gefe ɗaya in haƙori ya cinye, yadda mai ciki ke sauke ƙafar baya a hankali, duk karatun kara ne. Na fara ba su suna. Akwai Mai Unguwa, akwai Ɗan Iska, akwai wata babbar mace mai dogon ƙaho kamar na namiji, kunnenta na hagu a tsage, na sa mata Hajiya Babba.

Na kuma lura da wani abu. Baba Bashir zai ɗora madubi a ido ya daɗe, sannan ya ce, "Bakano, nawa ka gani? In gwada ka." In na faɗa sai ya ce daidai. Ban taɓa faɗuwa jarrabawar ba, ni da ko a aji uku ban taɓa ci ba. Rannan ya zo zuba shayi ya zuba a gefen kofi. Sai na gane idon tsoho ne ya fara dushewa. Ban ce masa komai ba, kamar yadda bai ce mini komai ba ranar bindiga. Na dai riƙa ba da amsa tun kafin a tambaye ni, kamar ɗalibi mai rawar kai.

Fitar ƙarshe ta zo. Baƙon wani likita ne Bature, aminin Maigida, ya zo kallon ƙwallo ya ga gonar, ya koma gida ya kasa haƙuri ya dawo. Ranar raɓa ta sauka da yawa har ta zama kamar hayaƙi, ba ka ganin abu sosai sai inuwarsa. Muka yi ta bin sawu har hantsi ya fara. Can sai ga barewa guda ta ware ita kaɗai a gefen kwari, ƙaho dogo, jiki cike. Tsohon namiji haka yake warewa. Baba Bashir ya karɓi madubi da sanduna, ya yi mini alama in tsaya, suka matsa gaba shi da likita da Maigida kamar taku ashirin. Ya duba, ya daɗe, ya juyo kamar zai tambaye ni, ya ga na yi nisa. Sai ya gyaɗa wa likita kai.

Daidai nan barewar ta yi taku biyu. Ban ga kunnen ba saboda raɓa, amma na ga yadda ta sauke ƙafar baya, na ga kwiɓinta ya cika ta gefe biyu. Hajiya Babba ce.

Likita ya riga ya kwantar da kumatu a kan bindiga. In na rarrafa ba zan isa ba. In na yi raɗa ba mai ji. In na yi shiru aikina na nan, don ba ni na gyaɗa kai ba, amma za a farke cikin nan a gaban Maigida, shekara talatin ɗin tsoho su ƙare a wurin. In na buɗe baki kuwa, na san abin da aka ce. Duk wannan lissafin bai fi ƙiftawar ido ba. Na miƙe.

"Tashi, uwar biyu! Tashi, Hajiya Babba mai tsagaggen kunne! Sai ni Ɗanjuma, mai kora ba mai kamawa ba!"

Ta yi tsalle ɗaya ta shige raɓa. Likita ya ɗago yana zare ido. Maigida ya taho wurina a hankali, wannan tafiyar da ta fi gudu ban tsoro. Kalma ɗaya ya faɗa, khalas, kuma ba ta bukatar fassara.

Na ce da Baba Bashir ya gaya masa mace ce, ciki gare ta, kuma biyu ne. Na ƙara da cewa a cikin raɓar nan ko mai ido huɗu zai ɗauka namiji ne. Maigida ya ce shi da madubi bai gani ba, jagoransa bai gani ba, ni daga baya da ido tsirara yaya aka yi na ga har abin da ke cikinta, har na ƙirga?

To nan fa. Amsa ɗaya ce, kuma ita ce wadda na haɗiye da shinkafa a Asian Town.

"Ranka ya daɗe, ni ba mafarauci ba ne. Ban taɓa ganin zaki ba sai a jikin kwalin ashana. Dillalin awaki ne ni. Shekara talatin in na ce akuya biyu za ta haifa, mai saye ba ya dawo mini da ita."

Baba Bashir ya fassara. Maigida ya gaya wa likita da Turanci, likita ya tuntsire da dariya har ya ajiye bindiga. Sannan Maigida ya ce to dillali, ga ciniki. Zan zauna har ta haihu. In ɗaya ne, jirgi. In biyu ne, sai a sake magana. Yanzu kuma yalla, mu je, in nuna masa tsohon da ya dace, da yatsa, ba da baki ba.

Bayan la'asar na nuna musu Mai Unguwa. Harbi ɗaya likita ya yi, Baba Bashir ya yanka. Na buɗe bakin na nuna wa Maigida haƙoran, sun cinye har dasashi, da wuya ya ga wani sanyin. Likita ya cire hula ya tsaya shiru a kansa, abin ya burge ni. Fiɗa kuwa ba wanda ya koya mini. Na yi musu balangu da wani yajin gida da nake ɓoyo, Maigida ya ci yana share hawaye yana ƙara miƙo hannu. Ranar Juma'a na kai wa 'yan ɗakinmu na da kasonsu, na kuma faɗa musu gaskiya. Isiyaka ya riƙe baki ya ce to shiton da na ci masa fa? Har yau bai daina ce mini Sarkin Dawa ba, sai dai yanzu in ya faɗa kowa sai ya yi dariya, har ni.

Mako biyar na yi ina jira. Ko matata ban taɓa yi wa addu'ar tagwaye kamar yadda na yi wa barewar nan ba. Ta ɓace kwana huɗu, na daina cin abinci. Ran na biyar da sassafe muna gindin kurna ni da Baba Bashir sai ga ta ta fito, cikin ya sauka, ɗa guda na bin ta yana tangaɗi. Guda. Na ce shi ke nan, Wudil ga ɗanki nan. Ina cikin tunanin abin da zan ce wa mutanen kara sai ta tsaya ta juya ta yi wani ɗan gurnani. Ciyawa ta motsa. Wani ɗan abu mai kunnuwa ya miƙe, ya faɗi, ya sake miƙewa.

Kirari ya taso mini har maƙogwaro. Na toshe bakina da hula, hawaye na zuba, kafaɗuna na rawa.

"Nawa ka gani, Bakano?" in ji Baba Bashir a hankali.

Na ɗaga masa yatsu biyu dab da fuskarsa. Bai ce daidai ba wannan karon. Ya kama yatsun ya riƙe. Daga baya da kansa ya je ya gaya wa Maigida maganar idonsa, likitan nan ya sa aka yi masa aiki, yanzu yana gani har ya fi ni fitina. Ni kuma ina nan, ni ke zaɓen wanda za a harba, har yau ban sake taɓa bindiga ba.

Amma a safiyar nan ba mu san duk wannan ba. Muna zaune ne kawai, rana na hawa, 'ya'yan biyu na tunkuɗar hantsar uwarsu. Ya zuba shayi, na matsar da kofin ya tari ruwan. Ya kurɓa, ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kai da Allah ya ba ka idon da ke ganin ɗa tun yana cikin uwarsa, me ya kai ka aron zaki?"